Bargon da kuka gani a kan jirgi

Tun da muka sa hoton nan na jirgi lulluɓe da bargo, tambayoyi ba su daina shigowa ba. Wani ya ce ko mura jirgin yake yi. Wani dattijo daga Mile 12 kuma ya aiko a tambaye mu ko wasa muka je yi Kanada da kuɗin jama'a. Mun yi dariya, amma dattijon yana da hakkin a ba shi amsa, domin akwai ranar da muka yi wasa da kuɗin jama'ar da gaske, kuma a kan maganar bargon nan ne. Mun daɗe muna jan ƙafa kafin mu rubuta. Yau dai ga shi.

Ga waɗanda ba su san mu ba, mu biyu ne, ɗan wa da ɗan ƙani, haihuwar Agege. Iyayenmu da wasu daga cikinku ne suka haɗa hannu aka turo mu koyon tuƙin jirgi a wata ƙaramar makaranta da ke lardin Manitoba, ba nisa da birnin Winnipeg. Kafin mu zo, iyakar sanyin da muka sani shi ne na hunturu idan an kai mu gida Arewa hutu, sai kuma wata tafiya da muka taɓa yi Jos muka dawo muna ba da labari kamar mun je bangon duniya. A nan kuwa, cikin Janairu, ma'auni yakan sauka digiri 20 ko 30 ƙasa da sifiri, wani lokaci har ya wuce. Rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, kafin ƙarfe 5 na yamma ta faɗi. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne motocin garin: kusan kowace da guntuwar wayar wuta tana lilo a hancinta, wuraren ajiye motoci kuma da soket a jere. Muka ɗauka duk masu amfani da lantarki ne. Ashe hita ce a jikin injin, ana jona ta da dare don motar ta yarda ta tashi da safe.

Jirgin da muke koyo da shi Cessna 172 ne, mai kujeru huɗu, da injin Lycoming mai silinda huɗu. Ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi. A makonmu na farko cikin sanyi, makanikin makarantar, wani dattijo da muke kira Tsoho a tsakaninmu, ya tara mu sababbin ɗalibai a bakin rumfar jirage. Ya ɗauko gwangwanin baƙin mai da ya bari a waje tun dare, ya buɗe, ya kife shi. Muka tsaya muna jira. Sai da aka jima sannan man ya fara leƙowa, yana jan jiki kamar manja da ya yi barci da hunturu. Ya ce, samari, wannan shi ne abin da ke cikin injinku da safe, ku kuma kuna so famfo ya tura shi ta hanyoyi masu ƙanƙanta kamar tsinken tsintsiya cikin daƙiƙa kaɗan.

Mun zaci maganar ta ƙare a kan mai. Ashe mai shi ne ƙaramin ɓangarenta, tunda yanzu akwai mai na zamani irin 15W-50 da ba ya yin kauri sosai cikin sanyi. Babbar matsalar tana cikin ƙarafan kansu. Gangar injin alminiyam ce, amma sandar da ke juya farfela, wadda makanikai ke kira karanshaf, baƙin ƙarfe ce. Idan sanyi ya kama, kowane ƙarfe yana tsukewa, sai dai alminiyam yana tsukewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. To gangar sai ta matse sandar. Ɗan sararin da aka bari a tsakaninsu, wanda bai kai kaurin gashin kai ba, wanda nan ne mai ke shiga ya raba ƙarfe da ƙarfe, sai ya ragu har ya kusa ɓacewa. Ko man ya yi ruwa kamar shayi, ba shi da wurin shiga. A sama kuma abin juyewa yake yi. Fistan alminiyam ne, bangon silinda baƙin ƙarfe. Da zarar wuta ta kama, fistan yana zafi nan take yana kumbura, silinda kuwa tana waje iska mai sanyi na kaɗa ta, ba ta buɗe ba tukuna. Sai fistan ya riƙa gogar bango yana kartarsa. Injin da aka ƙera ya yi awa 2,000 kafin a sauke shi a sabunta, safiya ɗaya irin wannan tana iya cin wani babban kaso na ransa, kuma ba za ka ji komai a kunne ba.

Kamfanonin da ke ƙera injinan sun rubuta iyakarsu. Lycoming ya ce a ɗumama injin idan sanyinsa ya wuce digiri 12 ƙasa da sifiri, wasu nau'o'in kuma tun daga 6. Continental ya sa nasa a wajen digiri 7 ƙasa da sifiri, idan injin ya yi awa 2 cikin wannan sanyi. Makarantarmu ta fi su tsanani. Da ruwa ya fara daskarewa a waje, ba a tayar da jirgi sai an ɗumama shi, idan kuma sanyi ya wuce 25 ƙasa da sifiri, kowa ya koma aji, ba tashi.

Hanyoyin ɗumamawar ba su da wuya. Mafi kyau jirgi ya kwana cikin rumfa mai hita, komai nasa ya ɗumama tare, har batir da agogunan gaban matuƙi. Amma rumfarmu ba ta ɗaukar jiragen duka, saboda haka saura suna kwana a waje. Waɗannan an maƙala musu hitar lantarki a jikin injin, irin ta kamfanin Tanis ko Reiff, wani ɓangare a ƙasan tukunyar mai, wani a kan kowace silinda. Da yamma sai a jona waya, a toshe ƙofofin iska biyu da ke bayan farfela, a lulluɓe hancin jirgin da bargo mai kauri a ɗaure. Bargon da kuka gani ke nan. In babu shi, iskar filin nan za ta kwashe ɗumin kamar ba a yi ba. Hita irin wannan tana son awoyi, shi ya sa ake jonawa tun dare. Akwai kuma ta gaggawa mai aiki da gas, wadda ke hura iska mai zafi ta wani babban mesa zuwa cikin injin. Ita tana yi cikin rabin awa ko fiye, amma dole mutum ya tsaya a kanta da abin kashe gobara, kuma Tsoho ba ya ba ɗalibi mabuɗinta. Dalilinsa shi ne tana da yaudara. Minti 10 ya isa ta sa kan silinda ya yi ɗumi a hannu, injin ya tashi lafiya, alhali man da ke can ƙasa da wanda ke cikin na'urar sanyaya mai yana nan a daskare. Irin wannan injin yakan kai mutum sama sannan ya nuna halinsa.

Duk wannan mun san shi. Mun rubuta shi a jarrabawa mun ci. Muna faɗa ne don kada wani ya yi mana uzuri da jahilci.

Ƙaraminmu ne ke da jarrabawar tuƙi ta lasisin farko. A Kanada sai mutum ya cika aƙalla awa 45 kafin a ba shi wannan lasisi, mu kuwa mun wuce haka, kuma kowace awa da aka ƙara mun san daga aljihun wa ta fito. Mai jarrabawar daga wani gari yake zuwa, an yi makonni ana jiran ranarsa, an riga an biya kuɗinsa. Ka'idar makaranta ita ce wanda zai fara tashi da jirgi da safe shi ke jona shi da yamma. Muka je tare bayan la'asar, iska na yanka fuska, muka cusa waya a soket, muka ɗaure bargo, muka ruga mota. A jikin sandar soket ɗin akwai ɗan ƙaramin fitila da ke nuna wuta ta shiga. Babu wanda ya waiwaya ya duba a cikinmu. Kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya duba.

Da muka idar da asuba muka nufi filin, da sauran duhu. Ma'auni na nuna 22 ƙasa da sifiri. Babbanmu ya cire safar hannu ya zura hannu ƙarƙashin bargo don ya ji ɗumin nan da muka saba ji, sai ya janye da sauri. Ƙarfe ne mai sanyi kamar ƙanƙara. Muka haska fitilar soket, a mace. Makunnin layin ya faɗi, wataƙila tun lokacin da muka jona.

Muka tsaya muna lissafi. Mai jarrabawa zai iso ƙarfe 9. Yana da wani ɗalibi da rana, kuma an ce dusar ƙanƙara za ta sauko da yamma. Ko mun tayar da makunnin yanzu, hitar lantarki ba za ta yi komai cikin awa ɗaya da rabi ba. Tsoho ba ya zuwa sai 8 da rabi. Abin da ya kamata a bayyane yake: mu kira malaminmu a waya mu ce mun yi sakaci, a nemo Tsoho da wuri ko a canja mana jirgi. Abin da ya hana mu ba tsoron rasa jarrabawa kaɗai ba ne. Kunya ce. Mu kaɗai ne 'yan Najeriya a makarantar, kuma mun ɗora wa kanmu cewa kada a taɓa kama mu da kuskure, kada a ce ga halinsu nan. Ɗayanmu ya ce, in ya tashi ya yi minti 10 yana aiki ai zai ɗumama kansa, mu mayar da bargo, ba wanda zai sani. Ɗayan bai ce a'a ba. Ba za mu faɗa muku wanda ya kawo shawarar ba, domin mun yi alkawari tun ranar cewa laifin na mu biyu ne.

Ƙarami ya shiga ciki, babba ya tsaya gefe nesa da farfela. Fetur ɗin jirgi, shuɗin nan da ake kira 100LL, ba ya son zama tururi cikin sanyi, injin kuma tururi yake ci, ba ruwan fetur ba. Shi ya sa akwai ɗan famfon hannu da ake fesa fetur da shi kusa da silinda kafin a tayar. Aka buga shi sau huɗu, aka murɗa makulli. Farfela ta juya da ƙyar, kamar ana jan ta cikin taɓo, domin batir ma sanyi yana rage masa ƙarfi sosai, ga kuma mai mai kauri da yake fama da shi. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Aka ƙara fetur. Ya sake tari, ya mutu. Daga nan shiru, sai ƙarar sitata.

Abin da ya faru a lokacin, daga baya Tsoho ya nuna mana shi a tafin hannunsa. Ƙonewar fetur tana haifar da tururin ruwa. Wannan ɗan tarin da injin ya yi ya saki tururi cikin silinda mai sanyi, ya daskare a bakin fulogi ya haɗe shi da ƙanƙara. Fulogin da ya yi haka ba zai sake ba da wuta ba har sai ya narke. Wato tun daga tari na biyu wasa ya ƙare, mu ne ba mu sani ba. Sai muka yi abin da duk mai babur yake yi idan ya ƙi tashi, muka riƙa bugun totur. A wannan injin kafireta tana ƙasa, kuma duk bugun totur yana tsarta fetur a maƙogwaronta. Tunda injin ba ya shan sa, sai ya riƙa gangarowa yana taruwa a akwatin iska. A murɗawa ta biyar ko ta shida, silinda ɗaya ta yi atishawa ta baya.

Babba ne ya ga wutar, ja tana lasar ƙasan hancin jirgin. Ya yi ihu yana nuni. Ko a mafarki aka tashe mu za mu karanto abin da littafin jirgin ya ce a yi: kada ka saki makulli, ci gaba da juya injin don ya zuƙe wutar ciki, in bai tashi ba ka buɗe totur gaba ɗaya ka yanke fetur kana ci gaba da juyawa. Ƙarami ya yi hakan, Allah ya ba shi natsuwar. Amma batir ya riga ya gaji. Farfela ta yi juyi biyu ta tsaya cak. Ya rufe fetur, ya kashe komai, ya fito da gudu, babba kuma ya zazzage abin kashe gobara a kan wutar. Duka abin bai fi minti ɗaya ba. Muka tsaya cikin farin gari da warin roba, gwiwoyinmu na rawa, muna ta innalillahi.

A haka Tsoho ya same mu. Bai ɗaga murya ba, da ma ya yi faɗa da ya fi mana sauƙi. Ya sa aka tura jirgin cikin rumfa, ya buɗe hancin, ya kwance fulogi ɗaya ya miƙo mana. Ga ƙanƙarar nan fara a bakinsa. Ƙarami ya ce, yallaɓai, mun ɗauka in ya tashi zai ɗumama kansa. Tsoho ya dube mu ya ce, samari, ku gode wa wutar nan. Da ya tashi, da kun mayar da bargo kun yi shiru, da ni ban sani ba, malaminku bai sani ba. Ya nuna allon da ake rubuta jerin masu tashi. Bayan jarrabawarmu, wata yarinya ce 'yar shekara 19 za ta ɗauki jirgin ita kaɗai zuwa wani gari mai nisa, a kan filayen da babu komai sai dusar ƙanƙara. Ya ce mai yiwuwa da ba abin da zai same ta ranar, mai yiwuwa sai bayan wata uku a hannun wani. Bai ƙara komai ba, ya koma aikinsa.

Wannan maganar ce ta hana mu barci, ba kuɗin ba. Sai a lokacin muka gane cewa duk lissafin da muka yi a tsaye cikin duhu, na jarrabawa da kunya da kuɗin mutanen Agege, babu inda muka sa wanda zai hau jirgin bayanmu.

Kuɗin ma dai ba kaɗan ba ne. Filtar iska ta ƙone, wani mesa ya narke, fenti ya babbake, sai da aka wanke garin kashe gobara daga kowane lungu domin yana cin ƙarfe. Jirgin ya yi kwanaki a ƙasa, ɗalibai da yawa suka rasa darasi saboda mu. Makaranta ta dakatar da mu mako 2, muka biya kayan gyara, kuɗin mai jarrabawa kuma ya tafi. Da muka haɗa, ya kai kuɗin tashi na wajen awa 6. Ba mu ga laifin kowa a hukuncin ba.

Kiran gida ya fi komai nauyi. Mahaifin babbanmu tsohon direban tirela ne, ya yi shekaru yana sauke shanu a Oko-Oba. Muka yi ta kewaye-kewaye, ya ce kai, ku faɗi abin da ya faru. Da muka gama ya yi shiru, sannan ya ce shi bai san jirgi ba, amma bai taɓa jan tirela ba sai iskar birki ta cika, ko da masu shanu suna zaginsa a kan ya makara. Ya ce kuɗin zai nemo, amma da sharaɗi: waɗanda suka sa hannu a karatunmu su ji labarin daga bakinmu, kada su ji daga wani. Wannan rubutun cika sharaɗin ne, duk da mun makara.

Makonni biyun nan ba mu zauna a ɗaki ba. Tsoho ya ce tunda ba mu da aiki mu zo mu riƙe masa fitila. A nan muka koyi abubuwan da ba su fito a jarrabawa ba. Ya nuna mana bututun da injin ke numfashi ta cikinsa, wanda tururi ke iya daskarewa a bakinsa ya toshe, matsi ya taru har ya fasa robar da ke bayan farfela mai ya tsiyaye, da ɗan ramin da ake hudawa a sama da bakin don kariya. Ya gaya mana dalilin da ya sa ba ya son a bar hitar tukunyar mai kaɗai a jone kwana da kwanaki: tana tayar da danshin da ke cikin mai, ya hau sama ya sauka a kan ƙarafa masu sanyi, tsatsa ta kama. Ya koya mana cewa bayan an tayar, ido yana kan agogon mai, in allurar ba ta motsa ba cikin daƙiƙa 30, ko minti ɗaya in sanyi ya tsananta, a kashe ba tare da shawara ba. Wannan yana da wuya ga ɗalibi fiye da yadda ake zato, domin agogon da ke ƙirga mana kuɗi yana tafiya tun daga lokacin da injin ya tashi, ko jirgi ya motsa ko bai motsa ba. Duk mintin da ka zauna kana jiran mai ya ɗumama, dala ce ke zuba. Mun sha ganin ɗalibi yana kallon agogon kuɗi fiye da na mai, kuma mu ma mun yi.

Idan ya ji daɗi yakan ba mu labarin matuƙan dajin Arewacin Kanada na da, waɗanda ba su da soket ba su da rumfa. Da sun sauka da yamma sai su tsiyaye man injin tun yana da zafi, su shiga da shi ɗaki ya kwana kusa da murhu. Da asuba su rufe injin da tanti, su kunna risho a ƙarƙashi, su zauna a ciki cikin hayaƙi suna gadi kada wuta ta kama, sannan su mayar da man da ɗuminsa su tayar nan take. Ya ba mu labarin Wop May da abokinsa Vic Horner, waɗanda a Janairun 1929 suka tashi daga Edmonton cikin ƙaramin jirgi marar rufi suka kai maganin mashaƙo Fort Vermilion, tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin tsananin sanyi. Ya ce mu da muke da waya da soket, abin da aka nema a wurinmu kawai mu waiwaya mu dubi fitila.

Ƙaraminmu ya yi jarrabawarsa a watan Maris, ya ci, alhamdu lillahi. Babba ya bi bayansa da mako 3. Yanzu muna tara awoyin lasisin kasuwanci, wanda ke son awa 200, kuma wani sanyin ya sake zagayowa. Idan mu ne da jirgin safe, muna jonawa bayan la'asar, ɗaya ya dubi fitila ya faɗa da baki, ɗayan ya amsa. Bayan isha'i kuma sai mu sake tuƙa mota zuwa filin, tafiyar minti 20, mu zura hannu ƙarƙashin bargo. Hoton da kuka gani a irin wannan daren muka ɗauka, ma'auni na nuna 27 ƙasa da sifiri, kuma washegari ma ba a bar kowa ya tashi ba.